Ranar da Ya Zagaye da Jan Biro

Shekara ashirin da shida ɗana ya yi a duniya, ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ma sai ta jira wata ta ɗauke shi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na taso na gani, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba. Da aka yaye shi sai ya koma ɗakin uwar mijina, ita ya tashi yana ce wa Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda ƙannena ke faɗa. In zan yi zancensa sai in ce mijin tsohuwa, kowa ya san wanda nake nufi.

Ƙauyenmu yana kusa da Magarya, a ƙasar Wurno, ta wajen hanyar da ke fita Rabah. Da rani albasa muke yi a fadama, da damina gero da dawa da wake. Na yi firamare har aji shida, daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci don kada karatun ya gudu. Iyakar abin da nake da shi ke nan, da shi nake rubuta wannan.

Shi ya yi nisa. Ya gama jami'a, ya koma karatu na gaba a kan taurari. A shekarar da nake magana an rufe makarantu wata da watanni, sai ya dawo gida da jakar kwamfuta da tarin takardu. Ya dawo ya tarar da garin ba yadda ya bar shi ba. Mutanen daji sun riga sun zo mana sau biyu. Zuwan farko rugar maƙwabtanmu suka faɗa, suka kore shanu, dattijon rugar ya riƙe igiyar wata saniya ya ƙi saki, suka sare masa hannun sannan suka harbe shi. Matar ɗansa ita ke kawo mana nono tun ina amarya. Zuwa na biyu a fadama suka sami mutum biyu suna ban ruwa. Na ga ɗayan da aka shigo da shi a amalanke, ƙafafunsa na lilo, laka ba ta bushe a kansu ba.

A bayan gari akwai wani tudu, nan kaɗai ake samun sabis mai ƙarfi. Kullum da hantsi sai ya ɗauki jakarsa ya hau, ya zauna ƙarƙashin wata aduwa, ya sauko bayan azahar. Duk garin na ganinsa. Da la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin tsohuwa, ni ina can gefe bakin turmi ko ina ɗinkin faifai, na ba su baya.

"Kai miji," in ji tsohuwa, "kullum tudu, kullum tudu. Wata kas samu can?"

"Na samu, Inna. Ta hi ki haƙora."

"Ɗan banza. To ta tauna maka tuwon, ni na huta. Mi kake nema can sama da ba ka samu ƙasa ba?"

Sai ya fara. Tsohuwa kunnenta garau yake, ko allura ta faɗi tana ji, amma in zai yi wannan bayani sai ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Na san da wa yake. Shi ma ya san na sani. Ba mu taɓa nuna wa juna ba.

Ba a rana ɗaya na haɗa abin ba, guntu-guntu na tsince shi. Ya ce ranarmu da duk taurarin da muke gani garke ɗaya ne, kamar garken shanu. To akwai wani garken, ƙarami, can ƙasan kudu, daga nan da ƙyar yake leƙo bakin sama. Haskensa sai ya yi tafiyar shekara wajen dubu ɗari biyu kafin ya iso mu.

"Wa ya ƙirga?" in ji tsohuwa. "Kai da ba ka iya ƙirga awakina."

A cikin wancan garken akwai taurari biyu da ke zagaya juna. Ɗaya ƙato ne, mai tsananin zafi, ya ninka ranarmu sau da yawa. Ɗayan matacce ne. Ya ce shi ma dā ƙato ne, sai wutarsa ta ƙare, ya fashe, ya watsar da jikinsa, cikinsa ya rufta ya dunƙule. Abin da ya rage faɗinsa bai wuce daga Wurno zuwa Rabah ba, amma ya fi rana nauyi. Kuma bai bar ɗan uwansa ya huta ba. Yana fizgar jikin babban, iska mai wuta tana kwararowa, tana juyawa a kewayensa kamar faifai kafin ta faɗa masa. A wajen faɗawar take yin zafin da ya wuce misali, har ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti.

"Wanga ba tauraro ba na," in ji tsohuwa. "Maye na. Ya mutu kuma shina cin ɗan uwanai."

Ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, amma cikin turmi na zuba tawa.

Wata rana ya ce mataccen yana juyawa a kan kansa, kafin ka ce ɗaya ya juya, duk juyi ya watso hasken nan kamar mai haska tocila. Wata rana ya ce iskar duniya tana tare wannan haske, shi ya sa aka harba na'ura sama tana kallo, abin da ta gani a zuba inda duk mai karatu zai iya ɗauka, shi yake hawa tudu ya sauke. Tsohuwa ta tambaye shi ko na'urar tana ganinta in ta shiga makewayi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, na'urar ta ba duniya baya, sama take kallo.

Abin da ya fi kama ni shi ne ɓuyan. Ya ce ƙaramin yana kewaya babban cikin kwana huɗu ba kaɗan, kuma duk kewaye sai ya bi ta bayansa, hasken ya ɗauke fiye da rabin yini, sannan ya dawo. Ba ya saɓawa. Ya ce wa tsohuwa, "Yau shina ɓoye. In kina son ki bi shi, ki ƙirga huɗu-huɗu, duk zagaye tara ki rage kwana guda." Tsohuwa ta ce ita ba ta bin maye.

Ni na bi shi. A ranar na ɗauki gawayi na ja layi a bayan ƙyauren ɗakina, inda in an buɗe ƙofa bango ke rufe shi. Kowace safiya ɗan ɗigo, rana ta huɗu dogon layi. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. In ranar layi ta zo ina tankaɗe sai in ce a raina, yau yana bayan babban. Da wannan nake zama da ɗana.

Sai ranar jirgi. Alhamis ce. Ya hau tudu tun da sassafe, abin da bai saba ba, ko koko bai sha ba. Wajen azahar muka ji jirgin soja ya wuce ƙasa-ƙasa ya yi gabas, sai ƙara, sai wata, har kwanoni suka yi motsi a kan jere. Hayaƙi ya tashi baƙi daga wajen daji. Kowa ya ja 'ya'yansa ɗaki. Mata huɗu na maƙwabta suka shigo gidanmu, har da mai nono da ƙwaryarta, muka zauna ana ta salati. Shi bai sauko ba sai la'asar.

Ya shigo fuskarsa kamar an yi masa albishir, ko jakar bai ajiye ba. A jikin zana akwai wani faifai da na ɗinka ya karkace, gefe ɗaya ya ɗaga, na rataye shi da niyyar in warware. Ya fizge shi. Na ɗauka wajen tsohuwa zai nufa. Sai na ga ƙafafunsa a gabana.

"Yaya, tsaya ki gani. Ke za ki hi kowa gane wanga."

Bai taɓa tsayawa a gabana haka ba tun da ya girma. Matan nan duk suka zuba mana ido. Na ji fuskata ta ɗau zafi. Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi abin da ya saba: na miƙe, na gyara zane, na shige ɗaki. Ina ji mai nono ta ce, "Kai ma dai, ɗan boko. Ka ga ka kore ta." Aka yi 'yar dariya, ta farko a wannan yini. Ta kafar ƙyaure na gan shi tsaye da faifan a hannu. Ya daɗe kaɗan, sannan ya mayar da shi jikin zana. Na ce a raina gobe zai faɗa wa tsohuwa, in ji. Washegari da kwanakin da suka biyo ba a yi zancen komai a gidan ba sai jirgi, da waɗanda aka ce ya kashe, da abin da zai biyo baya. Bai sake ɗaga maganar ba.

Kwana shida bayan haka mutanen daji suka zo, da hantsi. Mijina ya tafi kasuwar Goronyo da albasa, yawancin maza suna fadama. Muka ji mashina da yawa, sannan harbi. Maƙwabcinmu mai gyaran injin ban ruwa ya leƙo ƙofa ya ga mi ke faruwa, a nan bakin ƙofar ya faɗi, matarsa ta ce ko kalmar shahada bai ƙarasa ba. Suka cinna wa rudun albasa wuta, inda muke adana ta, tun daga bakin gari. Har yau in albasa ta ƙone a tukunya sai in fita waje.

Ba su yi ta neman gida ba, kai tsaye namu suka shigo. Su bakwai ko takwas ne a tsakar gida, sauran suna waje. Ɗana yana ɗaure igiyar takalmi zai hau tudu. Ya miƙe ya ce, "Lahiya?" Wani ya juya bindiga ya buga masa gindinta a baki. Na ji ƙarar. Ya durƙusa, ya tofar da jini da haƙora biyu a kan tabarmar tsohuwa. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar akuya, suka yi ta shurinsa a ciki da haƙarƙari har ya daina ƙoƙarin tashi. Tsohuwa ta faɗa kansa, wani ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya jefar gefe kamar dami.

Babbansu ba tsoho ba ne, ba zai girmi ɗana da yawa ba. Hannunsa na hagu a naɗe yake da tsumma, gefen wuyansa ya ƙone, yana ruwa. Ya zazzage jakar. Ya ɗaga kwamfutar ya maka ta a kan turmi sau biyu. Ya tsinci takardu ya miƙa wa wani siriri a cikinsu wanda ya iya karatu.

"Kwanan wata na," in ji siririn. "Jere. Ga wata an zagaye ta da ja." Ya ƙirga da yatsa. "Alhamis. Ranar jirgi."

Ɗana ya ɗaga kai zai yi magana. Babban ya taka masa wuya.

"Kai ba ni son jin bakinka. Ku 'yan boko kun iya magana. Kowa ya gane ka bisa tudu ranar nan tun sahe kana kiran na'urar sama." Ya juyo ya dube mu. "Wa ta haihe shi?"

Tsohuwa ta ce, "Ni."

"Ke kin tsuhwa. Na ce wa ta haihe shi?"

Ina tsaye a ƙofar ɗakina. Na ji bakina ya ce, "Ni ta. Ɗana na."

Ban taɓa faɗin wannan ba, ko a cikin ɗaki ni kaɗai. Ɗana yana kwance, kuncinsa a ƙasa, na ga idonsa ya juyo.

"To, uwa," in ji babban. "Uwa ta san abin da ɗanta ka yi. Hwaɗa min mi na na cikin takardar ga. In na gamsu in bar maki shi. In kin yi min ƙarya, nan gabanki."

Na fito tsakar gida. Na fara daga garke, kamar yadda ya fara wa tsohuwa. Na ce akwai wani garken taurari ba namu ba. Na ce akwai biyu a ciki, babba da matacce, mataccen faɗinsa kamar daga Wurno zuwa Rabah amma ya fi rana nauyi. Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya ce, "Tsohuwar ga ta sha wani abu." Babbansu bai yi dariya ba. Na ce mataccen yana cin jikin babban, abin da ya ci yana yin wuta, wutar tana fitar da hasken hoton asibiti.

"Na'urar da shika kira, tana ganinmu?" in ji babbansu.

"Ba ta gani. Ta ba duniya baya, sama take kallo. Kuma ba kiranta shikai ba, abin da tag gani shika ɗauka."

"Kwanan watan hwa?"

"Ranakun da ƙaramin ka ɓuya bayan babban. Kwana huɗu-huɗu. Duk zagaye tara a rage guda."

Babbansu ya dubi siririn. Siririn ya bi takardar da yatsa, bakinsa na motsi. Ya ce, "Huɗu-huɗu na. Ga inda anka rage."

"Shi ya koya maki ki hwaɗi haka," in ji babbansu.

"Bai taɓa koya min komi ba. Ɗan hwari na, ba mu zama."

Wannan ya gane shi, don su ma haka suke yi, har sun fi mu. Sai na tuna da ƙyaure. Na koma na jawo shi, na juyo bayansa ga haske. Wata uku na ɗigo da layi, da gawayi, tun daga tsayin kaina har gwiwa. Na ce, "Ga nawa lissahin. Ku gwada da nashi."

Siririn ya zo ya tsuguna, takarda a hannu ɗaya, yatsa a kan ƙyaure. Ya daɗe. Ana jiyo ƙarar wuta daga waje da kukan wata mata can nesa. Ya ce, "Sun yi daidai."

Na dubi ɗana. Ba ni yake kallo ba, ƙyauren yake kallo. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, da ɗayan yake bin layukan daga sama zuwa ƙasa.

Babban ya ɗauke ƙafarsa daga wuyansa. Na ga bakin bindigarsa ya yi ƙasa. Wallahi na ga haka, ba zato nake ba. Ya karɓi takardar da kansa, ya juya ta, ko da yake bai iya karatu ba. Ya ɗora yatsa a kan jan.

"To wagga hwa? Tana cikin huɗu-huɗun?"

Siririn ya ce, "A'a. Ita daban take, gehe anka rubuta ta."

"Uwa, wagga hwa?"

Duk abin da na tsinta a wata uku na riga na zube shi. Na san ranar ce ya sauko yana murna, na san ya tsaya a gabana, na san abin da ya riƙe. Iyakar sanina ke nan.

Ɗana ya yi wani sauti, jini na fita da shi. Na ji ya ce faifai. Wani ya shure shi a baki.

Na ruga jikin zana na ciro faifan. Na dawo na tsaya a gaban mutumin ina riƙe da shi da hannu biyu. Na ce, "Wanga na. Zancen wanga na."

"Mi faifai ya yi?"

Na juya shi. Na kifa shi. Na karkaɗa shi kamar mai neman tsakuwa a cikin gero. Ɗana yana ta motsa kafaɗa, yana karkata kansa gefe ɗaya yana dawowa, yana so ya nuna mini wani abu da hannuwan da ke ɗaure. Ban gane ba. Na ce, "Ku bar shi ya hwaɗi. Don girman Allah ku bar shi ya hwaɗi, magana guda ta."

"Ke nac ce ki hwaɗi." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ranar ga na rufe matata da ƙannena biyu. Abin da munka samu na jikinsu bai cika buhu ba. Kin san na huɗu-huɗu duka, ranar jirgi kaɗai ba ki sani ba?"

Na ce, "Ya zo ya hwaɗa min, na tashi."

Ban sani ba ko ya ji. Ya yi wa mutanensa alama da kai. Suka ja ɗana ta ƙafa, kansa na bugun ƙasa, suka fitar da shi ta zaure. Na bi su, wani ya tare ni da bindiga a ƙirji ya tura ni na faɗi zaune. Ba su yi a gabana ba, wannan kaɗai ya rage daga abin da ya ce. Harbi uku ne. Tsakanin na biyu da na uku akwai ɗan jinkiri.

Da mashinan suka tafi na fita. Yana kwance a gindin bangon zaure, takalmi ɗaya a ƙafarsa, igiyar ba a gama ɗaurewa ba. Na kwance masa hannu. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, abin da ban yi ba tun yana shan nono. Takardar tana nan kusa, an taka ta, na ɗauka na sa a cikin zane. Mutum biyar aka rufe a garinmu a ranar, bayan la'asar. Mijina ya iso ana haƙa.

Matan da suka zo gaisuwa sun yi ta yaba mini. Suna cewa ban yi kururuwa ba, na riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Ban gyara musu ba. Tsohuwa ba ta sake yin wasa da kowa ba, ta rasu kafin ruwa ya sauka. Mu kuma muka kwashe muka koma cikin Wurno, ɗaki biyu a gidan wani ɗan uwan mijina. Ƙyauren ban iya ɗauko shi ba. Faifan na ɗauko.

Bayan wata biyu malaminsa na jami'a ya zo ta'aziyya, dattijo mai furfura da tabarau. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure shi da mijina. Bisa al'ada daga bayan ƙofa zan gaishe shi in koma. Na fito na zauna a gabansa, na ajiye takardar da faifan. Mijina ya dube ni.

Na ce, "Malam, wannan jan nake so a gaya mini."

Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗauki faifan, ya ce a ba shi albasa ƙarama. Ya ɗora ta a tsakiya. Ya ce wannan ce mataccen tauraron, faifan kuma iskar nan ce mai wuta da ke kewaye shi. Ya ce faifan can ma ba shimfiɗe yake daidai ba, a karkace yake kamar wannan, gefe ɗaya ya ɗaga. Kuma yana juyawa a hankali. Ya ɗaga shi daidai idona ya fara juya shi. Ina ganin albasar, ina ganinta, sai gefen da ya ɗaga ya zo ya tare ta. Ya ci gaba da juyawa, ta sake fitowa.

"Shi ke nan, Hajiya," in ji shi. "Ban da ɓuyan kwana huɗu, akwai wannan. In gefen ya tare, hasken ya dushe kwana da kwanaki. Amma shi ba ya da tsayayyen lokaci, wani zubin kwana arba'in da wani abu, wani zubin ya kai sittin. Aikin ɗanki shi ne ya gano yaushe zai zo. Tun wata biyu kafin nan ya aiko mini da wannan rana, ya ce a nan zai dushe. Ranar ya hau ya duba, ya tarar ya fara dushewa. Ya kira ni daga kan tudun yana ihu, ina jin ƙarar jirgi a bayansa, na ce ya sauka ya tafi gida."

Duk bayanin bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Na ce, "Malam, da na faɗi wannan, da sun bar shi?"

Ya dubi mijina, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah kaɗai ya sani. Mutumin da ya zo da wannan zuciya, ba na zaton akwai amsar da za ta ishe shi."

Mijina ma haka yake ce mini, da limamin unguwa, da 'yata. Kwana ya ƙare, na sani, na kuma yarda. Amma su ba su ga bakin bindigar nan ya yi ƙasa ba, ni na gani. Ba na cewa da ya bar shi. Ina cewa ban sani ba, kuma a kan tabarmata aka kawo mini amsar, da la'asar, na tashi na bar ta saboda mata huɗu suna kallo.

Kafin malamin ya tafi na roƙe shi ya sake yi, ya sake, sannan na karɓa na yi a gabansa har ya ce daidai ne. Ya lissafa mini inda ɓuyan kwana huɗu ya kai, don lissafina ya yanke tun ranar da muka bar gida. Ƙyauren ɗakin nan na ƙarfe ne, gawayi ba ya kama shi sosai, da alli nake yi.

Faifan yana rataye a ƙusa, ban warware shi ba. Wani lokaci in gidan ya yi shiru bayan azahar nakan sauko da shi, in sa albasa a tsakiya, in faɗi abin tun daga garke har zuwa jan, da ƙarfi, yadda mai tsaye a tsakar gida zai ji. Yanzu ba na tsallake komai.